Mai Askin da Ya Tokare Wayar Wuta

Mai askin bakin layi ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Ko wuyan rigarka ne ya naɗe, sai ya miƙar da shi kafin ya amsa gaisuwa. Shagonsa kujera ɗaya ce da tsagaggen madubi. Yara suna kiransa Kawu, shi kuwa duk wanda ya zauna sai ya ce, "Wannan kai naka ai askin mutum biyu ne."

Da wayar wuta ta yi lanƙwasa har dogo yana sunkuyawa a ƙarƙashinta, shi ya yi ta zarya ofishin kamfanin wutar lantarki.

"Za a turo ma'aikata, Baba."

Ba a turo kowa ba. Da ya gaji, ya samo busasshiyar gwafa ya tokare wayar sama, makwabta suka yi ta sa masa albarka.

Damina ta cinye gindin gwafar. Ranar da ta faɗi, wayar ta tsinke cikin ruwan da ya kwanta a hanya. 'Yar malamin makaranta, mai shekara tara, tana dawowa daga aike ta taka ruwan.

Malamin ya kai kamfanin kotu, ya roƙi mai aski ya shaida cewa ya sha kai kuka. Matar mai askin ta tare mijinta a ƙofa.

"In sun tambayi gwafa, ka ce ba ka sani ba. Itace baki gare shi?"

A kotu, lauyan kamfanin bai ɗaga murya ba.

"Baba, wa ya kafa itacen?"

"Ni ne."

"Kai ma'aikacinmu ne?"

"Aski nake yi, ranka ya daɗe."

"Madalla. Ba ni da sauran tambaya."

Kotu ta ce hannun wani ya shiga tsakanin kamfanin da wayarsa, don haka ba a tabbatar sakacinsa ne ya kashe yarinyar ba. Aka kori ƙarar.

Bayan kwanaki malamin ya zo ya zauna a kujerar, sumarsa ta taru tun rasuwar.

"Ban riƙe ka da komai ba, Kawu. Yi askinka."

Mai aski ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya ɗauki almakashi. Sai ya ajiye shi, ya kwance ƙyallen.

"Ka je wajen wani, Malam. Hannuna ya ƙi."