Kunnen da Ke Saita Kafireto

Kawu Mlotshwa, yayan mahaifiyata, ba shi da na'urar awo ko ɗaya a garejinsa da ke unguwar Luveve a Bulawayo. Abin da yake da shi tiyon roba ne, tsawon kamu biyu, da ya yanko daga wata tsohuwar mota tun ba a haife ni ba. Yakan sa baki ɗaya a kunne, ɗayan a bakin kafireto, abin da ke haɗa wa inji iska da fetur, ya lumshe ido yana sauraron yadda injin ke zuƙar iska. Da wankin noti a kananzir ya fara, a garejin wani Bature mai tseren mota, har ta kai duk mai tsohuwar motar Ingila a Bulawayo ya san ƙofar gidansa. Da tiyon nan ya aurar da 'ya'ya huɗu.

Ni sana'ata hayar kayan biki ce, kujeru da rumfuna. Da na ji wata tsohuwa a unguwar Hillside na son rabuwa da motar marigayi mijinta, ja mai kujeru biyu marar rufi, wadda ta yi shekara da shekaru a ɗakin ajiya, nan take na hango ango da amarya a ciki. Na saya, na sa aka jawo ta da igiya.

Kawu ya kewaye ta, ya sunsuni tanki, ya yamutsa fuska.

"Sikhangezile, wa ya sayar miki da gidan ɓeraye?"

"Kawu, ɗaga bonet tukuna."

Ya ɗaga, ya ga kafireto biyu a jere kamar tagwaye, sai ya daina dariya. A shekarar nan motoci biyu da ya gyara an dawo masa da su, abin da bai taɓa faruwa ba, kuma 'yarsa Nomvelo ta matsa masa ya koma ƙauye, Tsholotsho, ya huta.

"Wannan ce za ta raba mu gardama da Nomvelo," in ji shi. "In ta ƙi ni, na rataye tiyo, in tafi kiwon awaki."

Na ja kujera na zauna, don ina son in ga yadda abin yake. Tsohon fetur ya daskare a ciki kamar ƙaro. Ya warware tagwayen ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina jera kayan a faranti ina ƙirgawa. Guda arba'in da shida suka fita, arba'in da shida suka koma. Ya wanke kowanne, ya hura ƙananan ramuka da baki, ya mirgina allurar mai a kan gilashi don ya ga ko ta lanƙwashe. Da aka sa sabon batir, motar ta yi tari, ta zubo ɓawon gyaɗa ta salansa, ta tashi.

Ta tashi, amma rawa take yi. Sifanar da aka ɗora a gefenta sai da ta faɗi ƙasa.

Ya ce min dole tagwayen su ja numfashi daidai, kada ɗaya ya fi ɗaya, kuma kowanne yana da ɗan sukurun da ke buɗe masa maƙogwaro. Ya saurara, ya murɗa, ya sake saurara.

"Sun daidaita," in ji shi. Motar kuwa ba ta fasa rawa ba.

Ya canja filogi. Ya fesa ruwan sabulu yana neman inda iska ke sata, bai samu ba. Ya koma kan tiyo. Ni dai idona na kan sukudireba. Na gaba juyi ɗaya da rabi ya samu, ya tsaya nan. Na baya kuwa duk zuwa sai an ƙara masa, har ya wuce biyu. Abin ya ɗaure min kai. Abu iri ɗaya, wanki ɗaya, me ya sa ɗaya ke neman ƙari? Sai na bar kallon hannunsa na koma kallon kansa. In zai saurari na gaba, tiyo na kunnen dama. In ya matsa na baya, ƙarfen da ke tokare bonet yakan tare masa kafaɗa, sai ya juya, tiyo ya koma kunnen hagu.

Da azahar matarsa, NaNomvelo, wato uwar Nomvelo, ta kawo tuwon masara da kindirmo. Na tsaya ta hagunsa na ce a hankali, "Kawu, abinci ya iso." Ko motsi. Na zagaya ta dama na maimaita.

"Ai na ji, kurma kika mai da ni?"

Bayan mun ci na ce, "Don Allah ka saurari na gaba da kunnen dama, sannan shi ɗin dai da na hagu. So nake in san ko sauti ɗaya ne."

"Ke da hayar kujera za ki koya min tiyo?"

Amma ya yi. Ya sa a dama, ya mayar hagu, ya sake mayarwa dama. Ya daɗe tsaye, tiyo na lilo a hannunsa. Kunnen hagu ya yi nauyi bai sani ba. Kullum yana jin na baya kamar bai ja iska sosai, sai ya ƙara buɗe shi.

"Shi ya sa," ya ce a hankali, yana duban matarsa. "Ta hagu kike zama a coci. Ni ina ta murna kin rage mita."

"Ban rage ko ɗaya ba, tsoho. Asara ka yi."

Ya ce in cire ƙarfen in riƙe bonet da hannu. Ya mayar da sukurun na baya, ya saurari tagwayen duka da kunnen dama, ya ɗan taɓa kaɗan. Rawar ta lafa. Ya ɗora sifana, ta zauna.

Da yamma muka fita hanyar Matopos, shi ke tuƙi, ni ina kujerar hagu, iska na neman ɗankwalina. Na tambaye shi labarin Tsholotsho, bai amsa ba, sai na tuna gefen da nake. Na ɗaga murya.

"Awaki su jira," in ji shi. "Ki gaya wa Nomvelo ta nemo min likitan kunne, a duba na daman tun yana nan. Motocin nan biyu kuma, gobe zan aika a dawo min da su."