Ƙararrawar Yaya Ilu

Duk wanda ya zauna a garin nan ya san kafin ka ga Yaya Ilu sai ka ji muryarsa. "Gafara dai! Gafara dai, masu tafiyar ƙasa!" Haka zai taho yana rangaɗa ta tun daga bakin rijiya har ƙofar masallaci, a kan baƙin kekensa da ya raɗa wa suna Akawal, ya ɗaure ƙafar wando da igiyar rama don kada kaca ta kama. Shekara arba'in yana hawan keken nan ba ƙararrawa. Ni ne ƙaninsa Hamisu, autan gidanmu, ni kaɗai nake iya gaya masa magana in kwana lafiya. Wata rana na ce, "Yaya, don girman Allah ka sayi ƙararrawa, ka hana jarirai barci."

Ya ce, "Bakin da Allah ya ba ni kyauta laifin me ya yi? Ita ƙararrawar ta iya sallama?"

Kuma fa kun sani, ba wani fatauci yake yi da keken ba. In ya taso daga gona ya watsa ruwa, sai ya haye ya shiga ƙauyuka, ya bi ta cikin gonakin dawa, ya zagaya bakin ruwan Bagwai, ya dawo yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir. In ka ce, "Yaya, ina aka je?" sai ya ce, "Inda Akawal ya ga dama."

Gyaran keken nan kuwa, wayyo! Kullum da safe sai ya kifa shi a tsakar gida, ya tsoma gashin kaza a gwangwanin baƙin mai, ya bi kaca haƙori haƙori. Ya murza feda, ya kara kunne yana saurare kamar likita. Ya matsa birki, ya latsa taya da babban yatsa, ya goge sirdi da tsumma na musamman wanda in ka kuskura ka share hannu da shi kun ɓata sati guda. Tub ɗin baya kuwa faci kan faci, har ba ka gane asalin robar. Mai facin Bagwai ya taɓa ce masa, "Baba, wannan ai ya mutu, a yi masa sutura." Yaya ya ce, "Yaro, ni ma duk jikina faci ne, ka ga an binne ni?"

In ya iso inda ƙaya take ko yashi, sai ya sauka ya saɓa keken a kafaɗa. Na tarar da shi haka a hanyar gona, na ce, "Ikon Allah! Wai tsakanin kai da keken nan wa ke hawan wani?"

Ya ce, "Ya ɗauko ni tun daga Bagwai bai yi ƙorafi ba. Ni in ɗauke shi taku goma ya zama abin magana? Butulci ba kyau, Hamisu."

To, rigimar da kowa ya sani ta taso ne shekarar da ya haura saba'in. Wata akuya ta gifta masa, ya kauce mata ya zarce cikin kwata, ya goge gwiwa. Ƙaramin ciwo ne, amma babban ɗansa, Alhaji Sabi'u mai sayar da hatsi a Dawanau, ya zo a guje kamar gidan ya kama da wuta. Aka taru a zaure. Sabi'u ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, hawan keke ya ƙare. Mutane suna zagina, wai ina da mota ubana yana fama da feda. A rataye keken nan, duk inda za ka a kai ka."

Ni ma, Allah ya yafe mini, na goyi bayan Sabi'u. Yaya ya dube ni, kallon da har yau in na tuna sai na ji kunya. Sannan ya ce, "Kakanmu, tun kafin zuwan Turawa, da ƙafa yake kora jakai daga nan har kasuwar birnin Kano, da gemunsa fari fat. Ba wanda ya rataye masa ƙafa. Ku ba ni wata biyu. Zan tashi bayan sallar asuba, in je birni in dawo a kan Akawal kafin ladan ya kira magariba. In na kasa, da hannuna zan rataye shi. In na iya, kada wanda ya ƙara yi mini maganar nan har in koma ga Allah."

Sabi'u ya amince da sauri, don a ganinsa an gama. Aka ce ni ne shaida, in bi shi a kan babur.

Jama'a, wata biyun nan mun ga abin al'ajabi! Mu mun zaci keke zai yi ta hawa. Ina! Ya ce ƙafa kaɗai ba ta tuƙa keke, sai da ƙugu da kafaɗa da numfashi. Lokacin an gama girbi, kowa na gyaran katanga. Sai ga Yaya ya naɗe wando ya faɗa ramin kwaɓa ƙasar gini, yana tattakawa tun hantsi har azahar, kyauta. Kafin sati biyu masu gini suna bin layi a ƙofar gidansa. Wani ma da katangarsa lafiya lau ya rushe gefe guda don kada garaɓasar ta wuce shi.

Daga nan ya koma rijiya, ya ƙwace guga yana shayar da shanun mutane. Bai tsaya nan ba, ya shiga gida ya karɓe taɓarya a hannun matarsa, Yaya Asabe. Ta fito ƙofar zaure tana tafa hannu. "Hamisu, zo ka ga ɗan'uwanka! Shekara hamsin ina daka a gidan nan bai taɓa ce mini sannu ba, yau saboda ƙarfe ya zama mai surfe!"

Yaya yana luguden gero yana haki ya ce, "Ke dai ki tankaɗe, Asabe. Ba don ke nake yi ba."

Ta ce, "Ai na sani. Allah ya sa a ƙara muku wata biyu."

Ana gobe tafiya ya warware keken nan kaf, ya wanke, ya mayar. Na kawo masa sabon tub, na ce ya sa a baya. Ya juya shi, ya shinshina, ya miƙo mini. "Wanda muka sha wuya tare da shi, shi zai ga birni." Na roƙe shi ko a aljihu ya riƙe, ya ce nauyi ne. Ni kuma haushi ya kama ni na jefar da shi a ɗaki, kuma wannan wautar tawa ce.

Da aka sallame asuba ya ɗaure goran fura da na ruwa a kariyar bayan keken, ya zuba dabino a aljihu, ya yi bismilla ya haye. Tafiya yake a natse, ba gaggawa, ba tsayawa. Duk bayan ɗan lokaci ya jefa dabino ɗaya a baki, ya kurɓi ruwa tun kafin ƙishi ya zo. Ni da nake kan inji ni na fara gajiya. Da hantsi muka ratsa Dawanau, ana ta sauke buhuna. Sabi'u yana tsaye a ƙofar shagonsa, sai ya ji, "Gafara dai, Alhaji mai mota!" Ya saki baki har muka ɓace.

A birni ya tsaya wurin masu kayan keke, ya ce zai sayi shaida. Me zai saya? Ƙararrawa! Na ce, "Yaya, kai ne kuwa?" Ya ce, "Rufe mini baki." Ya ɗaura ta, ya naɗe ta da ƙyalle, ko gwadawa bai yi ba. Muka juyo, muka yi azahar a Rijiyar Zaki, ya sha furarsa, ya miƙe ƙafafu a gindin wata bishiya kamar minti goma, ya ce mu tafi.

Bayan la'asar mun bar kwalta mun shiga hanyar gonaki, saura tafiya kaɗan, sai na ji fau! Tayar baya ta kwanta. Ya sauka ya zare tub ɗin. Ba huda ba ce, tsofaffin facin ne suka saki gaba ɗaya, ya tsage kamar tsohon zane. Ya daɗe yana kallonsa. Wallahi tausayi ya kama ni.

Na ce, "Yaya, ba kowa a nan. Hau babur in riƙo keken, in mun kusa gari ka sauka ka tura. Zan ce da kanka ka zo."

Ya ce, "Kai aka sa shaida, kai kuma za ka fara ƙarya? Inna ba ta haifi wannan ba."

Ya waiga, sai ga harawar wake an jibge a kan reshen wata ƙirya. Na ce to ɗebo mana! Ya ce ba tasa ba ce. Rana tana sunkuyawa, ni ina ta tsalle, mutumin nan ya tafi har ƙarshen gona neman mai harawa. Ya samo shi, suka gaisa, har da tambayar iyali! Mai gona ya ce ya ɗiba ko nawa yake so. Yaya ya zauna ya dinga murɗa harawa yana cusawa cikin taya, yana dannawa da sifana, har ta yi tauri. Ya mayar da ita, ya ninke mataccen tub ɗin ya sa a aljihu, ya haye.

Wanda bai taɓa tuƙa taya mai ciyawa ba bai san wuya ba. Kamar kana jan turmi ne a cikin yashi. Yaya ya miƙe tsaye a kan feda yana tattakawa, dama, hagu, daidai yadda yake yi a ramin kwaɓa ƙasa. Gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf. Ya waigo yana haki ya ce, "Hamisu, ka ga amfanin katangar mutane?"

Muka hango garin rana ta yi ja. Duk jama'a sun fito bakin rijiya, Sabi'u ma ya iso da motarsa. Ladan ya riga ya yi alwala yana gyaran murya. Harawa tana leƙowa ta gefen taya, awaki uku suna bin Yaya a guje suna fizga. Sai ya sa hannu ya warware ƙyallen nan. Ƙirrr! Ƙirrr! Kafin ladan ya ce Allahu akbar tayar gaba ta taɓa dakalin masallaci.

Kai, ranar an yi ihu! Mata suna guɗa ta kan katanga, Yaya Asabe har da rawa. Sabi'u ya durƙusa yana hawaye yana dariya ya ce, "Baba, na tuba." Yaya ya sauka, ya dafa kafaɗata don kada a gane ya gaji. Ya ce, "Alhaji, a kori awakin nan, suna cinye mini taya."

Bayan nan ya ƙara shekara tara yana hawa, ba wanda ya sake cewa uffan. Ƙararrawar kuwa bai taɓa kaɗa ta a hanya ba, wai kada ta ƙare. "Gafara dai" ɗinsa ya ci gaba da yi. Sau ɗaya tak yake kaɗa ta a rana, in ya dawo ya iso ƙofar gida, Yaya Asabe ta amsa daga ciki.

Da zai rasu ni ya bar wa Akawal. Shekaranjiya na je zauren zan ɗauka, na kifa shi na bi kacar da gashin kaza yadda yake yi. Da na tayar da shi sai hannuna ya taɓa ƙararrawar, ta yi ƙirrr. Daga cikin gida na ji Yaya Asabe ta ce, "Sannu da zuwa, Malam." Na zauna a dakalin nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Allah ya jiƙan Yaya Ilu, ya yafe masa kurakuransa. Yadda bai taɓa cin harawar wani ba da izini ba, Allah ya sauƙaƙa masa hisabi, ya sa ya isa gida kafin a rufe ƙofa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.