Na Shiru da Na Ihu

A duk unguwarmu a Dutse, mu biyu ne kawai muka damu da ƙwallon kwando: ni da maƙwabcina, wani dogon mutumin Filato mai aiki a sakatariya. Sauran jama'a ƙwallon ƙafa suka sani. Da mun zauna a teburin mai shayi da safe mun buɗe wayarsa, sai su kwashi kofunansu su koma ɗaya bencin.

Shekara da shekaru musunmu ɗaya ne, a kan wasu 'yan wasa biyu na Amurka masu buga lamba huɗu, wato ƙartin nan da ke ture-ture a gindin kwando suna cafe ƙwallo in ta ƙi shiga. Nasa muna ce masa na shiru. Kulob ɗaya ya yi wa wasa har ya yi ritaya, ba dariya ba fushi, ya buga ƙwallo a jikin allon bayan kwando ta faɗa ciki ya juya abinsa, kamar mai auna gero. Nawa kuwa na ihu ne, mai dukan ƙirji. Ya daɗe yana wahala a ƙaramin kulob, da ya gaji ya tattara ya koma babba, a can ya ɗauki kofi.

"Malam, naka ɗan ci-rani ne," in ji maƙwabcina. "Mutumin kirki inda ya fara nan yake ƙarewa."

Ni kuma in hau shi. Haba Yallaɓai! Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Namiji ya ga inda za a san darajarsa ya ƙi tafiya, don me? Wallahi har shayina yake hucewa ina zuba, kuma na iya zubawa.

Wata safiya ya ce mini an yi masa tayin aiki a Jos, da ƙarin girma, yana shawara. In ya tafi da wa zan yi musu? Da mai shayi?

Washegari, ba kunya ba tsoron Allah, na sauya sheƙa. Na ce na sake kallon wasannin na shiru, ashe mutumin nan gwani ne. Dubi haƙuri, dubi riƙon amana! Na ihu ai hayaniya ce kawai. Kwana da kwanaki ina yabon mutumin da na sha zagi, shi kuwa yana tsoma burodi yana kallona ta saman tabarau.

Ran nan ya fashe da dariya har ya ƙware. "Malam, yaushe ka tuba?"

Na ce gaskiya ce na gani.

"Ka makara," ya ce. "Ni ma na sake kallon naka. Da bai tashi ba, da haka zai tsufa hannu wofi. Kai ka koya mini, kuma ka fi ni iya magana."

Ranar da motar kayansa ta hau titin Kiyawa na tsaya a ƙofar gida har ta ɓace. Na ji ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Wannan ne karo ɗaya da na ci shi a musu, kuma har yau in na je teburin mai shayi ni kaɗai nake zama a bencin nan.