Jafaru da Surukinsa a Sikirin Ɗaya

Duk wanda ya taɓa buga katin suna ko takardar makaranta a Kankia ya san shagon Jafaru. Mutum ne mai saurin hannu da saurin baki, ga tsokana. Mutum ɗaya ne a duniya ke sa bakin nan ya mutu murus: surukinsa Malam Labaran, mahaifin matarsa Halimatu. Tun da aka ɗaura aure, gaisuwa kaɗai ke haɗa su, ita ma a durƙushe, ido a ƙasa.

Da Malam Labaran ya yi ritaya daga aikin ƙaramar hukuma a Kusada, sai ya sayi tsohuwar kwamfuta, wai zai rubuta tarihin garinsu. Ashe akwatin kaɗai aka sayar masa, ba sikirin, ba kibod, ba maus. Ya rungumo ta kamar jinjiri ya hau mota sai shagon Jafaru.

Jafaru ya yi dabara. Ya samo wani ɗan akwati mai maɓalli ya ajiye ƙarƙashin tebur: ka danna, sikirin da kibod da maus su koma kan kwamfutarsa, ka sake dannawa su koma ta Baba, wato surukin nasa. Dabara ta yi kyau, sai dai ya manta abu guda. Wa zai danna? Yaro dai ba ya ce wa surukinsa tashi.

Kullum da hantsi Malam Labaran zai iso, ya zauna, ya gyara tabarau, ya shiga farautar haruffa da yatsa ɗaya kamar kaza na tsintar gero. Jafaru kuwa, mai shago guda, yana waje kan benci yana ba mutane haƙuri. Har ya roƙi Halimatu ta yi magana. Ta ce, “Ni in kori Baba? Kai da ka iya baki, ka gwada mana.”

Ana haka wata Islamiyya a Rimaye ta kawo aikin takardun shaidar sauka. Shugaban makarantar ya ce in ba a gama ba ranar Alhamis, Katsina zai kai. Jafaru ya san in wannan ya tafi, sauran makarantu bin sa za su yi, shago ya mutu. Ga Laraba ta yi, Baba bai ko fita daga babin kafuwar gari ba.

Sai ya shiga ya durƙusa gefen tebur, ya ja gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ya hanya, ya mutanen Kusada, ya damina. Da gaisuwa ta ƙare ya koma kan awaki. Hannunsa kuwa yana lallaɓawa ƙarƙashin tebur. Nufinsa rubutun Baba ya ɓace, tsoho ya zaci na'ura ta lalace ya tafi gida. Ya danna.

Tarihi ya ɓace, farin shafin Jafaru ya fito. Malam Labaran ya dubi sikirin. Ya sa yatsan nan nasa ya fara bugawa a hankali. Jafaru ya saci kallo, sai ya ga an rubuta: “Na ga hannunka.”

Gumi ya karyo masa. Yatsa ya ci gaba: “Yi aikinka. Tarihin ba na sauri ba ne. Tun rasuwar uwar Halimatu shirun gidan ya yi mini yawa, zaman nan nika so.”

Tausayi ya kama Jafaru har idonsa ya ciko. Ya jawo kibod daga durƙushen da yake, shi da ke bugu da yatsa goma, ya rubuta da ɗaya: “To, Baba.”

Takardun Rimaye sun fita a kan lokaci. Yanzu kujera biyu ce a shagon, kuma har yau ba su haɗa ido. In azahar ta yi, Baba ne ke danna maɓallin ya rubuta: “Ka ci abinci?”