Ranar da Aka Ƙirga Goron Gwadabe

Shekara talatin Gwadabe mai goro ya yi a Tudun Wada ba a taɓa ƙirgawa a bayansa ba. In ya ce ƙwarya ce, to ɗari ce cif. Wannan suna shi ne dukiyarsa, ya fi ji da shi a kan haƙoransa, waɗanda dama goro ya gama da su.

Sai ga shekarar Udoji. Albashi ya tashi, kowane ma'aikaci sai aure, goro kuwa dubu-dubu ake saya. Yatsun Gwadabe har kumbura suka yi saboda ƙirga.

Maƙwabcinsa Malam Kailani, mai koyar da kimiyya a sakandare, ya tausaya masa, ya aro masa sikeli.

"Baba, mu ma abin da muke aiki da shi ya fi ƙarfin ƙirga," in ji Kailani. "Muna da tamu ƙwaryar, mol muke ce mata. In ka san giram nawa ne mol ɗaya, sikeli zai ƙirga maka sauran."

Suka auna ƙwaryar minu, ƙananan nan, ta ba da giram dubu. Kailani ya buɗe baki zai ƙara bayani, Gwadabe ya ce, "Ya isa, ɗan nan, ba jarrabawa zan zauna ba." Wata uku yana auna minu, ko ɗaya bai taɓa ɓata ba. Har taƙama ya fara.

Da auren Kailani ya zo, aka nemi ƙwarya goma. Gwadabe ya ce wallahi malaminsa ya wuce minu. Ya tsinto marsa manya-manya, ya auna giram dubu goma, ya ɗaure da hannunsa.

Ashe Gwaggo Yelwa, babar amarya, ko ƙwayar gero sai ta ƙirga. Ta zube goron a tabarma gaban dangi: ɗari shida da bakwai maimakon dubu! Kafin la'asar labari ya kai har unguwar Gyallesu.

Kailani ya zo a guje. "Baba, ai abin da ka hana ni faɗa ke nan! Kowane iri da nauyin ƙwaryarsa."

Gwadabe ya cika goron, ya mayar da sikeli, amma abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Washegari Hajo, wadda ta shekara ashirin tana saye a wurinsa, ta karɓi goro biyar kacal. Ta yi masa murmushi, ta buɗe tafin hannunta, ta ƙirga.