Motar Roba a Layin Maiyama

Duk wanda ya hau motar haya daga Jega zuwa Maiyama a shekarun baya ya san Baba Ya'ƙub, in bai san sunansa ba ya san hon ɗinsa. Tun yana saurayi yake tuƙi, amma ko taya bai taɓa mallaka ba, motar mutane yake ja. Ya yi dakon albasa daga Aliero har warin ya kama masa fata, sannan ya dawo ɗaukar fasinja ya tsufa a kai. Da ido ya fara yi masa gardama, har wata rana ya tsaya wa kututturen bishiya yana tambayarsa ko Maiyama za shi, sai mai motar ya karɓe makullinsa cikin girma da arziki.

Rashin motar bai dame shi ba. Benci ne ya dame shi. A 'yar tashar tasu akwai wani benci a gindin dogon yaro, inda direbobi ke jiran layi, su ci abinci kwano ɗaya, su yanke wa duniya hukunci. Nan Baba ya yi rabin rayuwarsa, kuma nan kaɗai ake saurarensa in yana magana. A gida kuwa, da ya zauna matarsa Rakiya za ta miƙo masa wake ya tsince. To, ga dokar tasha: benci na wanda ke da mota a layi ne. Ciyaman Abdulbasit, mutumin da ko uwarsa ta zo sai ta bi layi, ya same shi ya rusuna.

"Baba, ba ni ba ne, doka ce. Wanda bai da mota a layi, bai da benci."

Baba ya koma gida kamar an zare masa laka. Yana zaune yana harar wake sai ya hango abin da Rakiya ke danne faifan tukunya da shi: wata tsohuwar motar roba, tsawonta bai wuce taƙi ba, wadda ya sayo wa ɗiyarsu Iklima tana ƙarama. Iklimar ta taɓa laɓta mata ragowar fentin ƙofa da tsumma, har gilashi har tayu, ya bushe ya yi kauri kamar ƙanzo. Taya ɗaya kuma ta ɓace.

Da safe ya je ya ajiye ta a ƙarshen layi, bayan wata bas, ya karkaɗe riga ya nufi benci. Direbobi suka yi dariya har da masu faɗuwa. Ciyaman dai bai yi ba, don ya lalubo dokar a kansa ya ga mota ta ce, ba ta faɗi girma ba. Sai ya nemi hanyar sallamar tsoho ba tare da cin fuska ba.

"Baba, motar layinmu fara ce da ratsin kore. Wagga kuwa ko launinta ba a ganewa. A gyaro ta tukuna."

Ya ɗauka magana ta ƙare. Ai kuwa bai san wanda ya taɓo ba!

Baba ya tsoma ta a fetur, kamar yadda ake yi wa kayan inji. Fentin bai ko motsa ba, rufin motar ne ya yi laushi ya lotsa. Ya kai ta wurin mai liƙin bokiti, ya tsaya a kansa yana kiransa fanel bita, yana faɗan kada a taɓa masa ƙofar direba, har aka cike rufin da gutsuren buta. Sannan ya zauna da reza yana kankara, hancinsa na gogar bodin saboda rashin ido. Akwai ranar da ya yini yana kankare farcen babban yatsansa, yana yaba taurin bamba. Ƙarƙashin shuɗi ya tarar da ja, ƙarƙashin ja ya tarar da rawaya, ya ce lallai wannan mota ta ga hannu da yawa. Ya yanko taya daga tsohon silifa. Burushi kuwa, kazar Rakiya ce ta bayar ba da son ranta ba. Ya shafa fari ya bari ya bushe, ya ja ratsin kore yana riƙe da numfashi, ya ɗiga jan farce a fitilun baya.

Maganar gaskiya, mota ta yi kyau. Ranar da ya kawo ta, ciyaman ya tsuguna ya danna tayun da ɗan yatsa, ya leƙa ƙarƙashi, ya ce a sa ta a layi. Baba ya hau benci ya miƙe ƙafa, aka kawo kwano ya sa hannu. Daɗin da ya ji ranar, ko ranar aurensa bai ji irinsa ba.

Abin da babu wanda ya tuna shi ne layi tafiya yake yi. Mota ta cika ta tashi, Baba ya je ya tura tasa gaba da ƙafa, ana dariya. Sai ga ta a kan gaba, kuma ranar kasuwar Jega, da rana tsaka, mutane sun ci kasuwa suna neman komawa gida. Dokar tasha kuwa kowa ya san ta: ta baya ba ta lodi sai ta gaba ta cika ta tashi.

Ɗan kamasho yana ta "Maiyama! Andarai!" Fasinja su zo da buhu da akuya su ce ina motar, ya nuna musu ƙasa. Wata tsohuwa, Gwaggo Sakina, ta dube ta da kyau ta ce ita dai a ba ta gidan gaba, ƙafarta ba ta son matsi. Tasha ta cika maƙil. Direbobin da suke ta dariya a da suka fara huci, wani ya ce a ture abin wasan yara a ba mutane wuri. Ciyaman ya ce ba mai tsallake layi yana raye.

Baba yana zaune, zufa na keto masa. Ya sani sarai, wanda layinsa ya zo ya kasa lodi cire shi ake yi. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, ba na kunyar jama'a ba, na komawa tsintar wake har mutuwa. Ya kama bakin bencin da hannu biyu ya riƙe.

Ciyaman ya dube shi. Sannan ya taka zuwa gaban layi, ya tsuguna, ya ciro makulli daga aljihu, ya ja shi a jikin motar tun daga ƙofa har but. Ƙiii! Farin fentin nan ya tashi, ratsin kore ya rabu biyu. Baba ya ji kartar har cikin ransa.

"Jama'a, wagga mota ta yi hatsari," in ji ciyaman. "Mai mota a gyara, tsallake shi ake yi, kuma wurinsa na nan har ya gama. Ta baya, a yi lodi!"

Ya kawo motar da hannu biyu ya miƙa. Baba ya shafa kartar da yatsa, ya share ido, ya ce, "Gyaran ga zai ɗau lokaci, Ciyaman."

"Awo, Baba. Kada a yi gaggawa."

Har yau gyaran ake yi. Yana nan a ƙarshen benci da rezarsa da gashin kaza, ya shafa ya kankare, ya kankare ya shafa. Kwanan baya wani baƙon fasinja, don neman lada, ya leƙa ya ce, "Kai, Baba, ai ta yi kyau, an gama ke nan!" Direbobin da ke benci suka harari baƙon. Baba ya yi wuf ya tura motar cikin riga.

"Kai mi ka sani ga mota?" ya ce. Bai fito da ita ba sai da motar mutumin ta bar tasha.