Kwana Biyar da Kyamara Babu Fim

A shekarun da kuɗin fetur suka fara shigowa aka tura ni Kaduna kwas na koyon aikin fim, na wata tara. Ni kaɗai ne daga ƙasar Haɗeja a ajinmu, kuma na ɗauki kaina da girma fiye da kima. Malaminmu mutumin wajen Jos ne, dogo mai sanyin magana, wanda ya daɗe yana yawo da motar majigi kafin ya koma koyarwa. Da kwas ya zo ƙarshe sai ya ba mu aikin jarrabawa. Kowa zai tsara fim a takarda, amma ba fim ɗin zai yi ba, tallansa kawai zai haɗa, wato ɗan guntun nan da ake nunawa a silima don a kwaɗaita wa mutane abin da ke tafe. Minti ɗaya da rabi, ba ƙari. Aka ba kowa aron kyamara irin wadda ake murɗa wa hannu kamar agogo, da naɗin fim uku, kowane naɗi bai cika minti uku ba. Malam ya yi ta nanata mana cewa a takarda ake gama aiki, kada wanda ya danna kyamara sai ya san abin da yake nema.

Ni na zaɓi masunta. Ina da kawu, yayan mahaifiyata, a wani ƙauye cikin fadama gabas da Haɗeja, wanda duk yankin an san shi da iya hawan gora. Zai kwanta a kan ƙatuwar gora ya ratsa tafki da homa, ragarsa ta kamun kifi, a hannu, ba ka ko jin motsin ruwa. Na zana hotuna goma sha biyu a takarda, daga fitowar rana kan ruwa har zuwa hayaƙin banda, Malam ya duba ya sa hannu. Sai na rubuta wa kawu wasiƙa. A nan na fara ɓata lamarin, domin ban rubuta talla ba, ban rubuta jarrabawa ba. Cewa na yi zan zo in yi fim ɗin garinsu.

Malamin firamare ne ya karanta masa wasiƙar a bainar jama'a. Kafin in sauka daga jirgin ƙasa a Malam Madori, in shiga mota zuwa Haɗeja, in kwana gida, in kama hanyar ƙauye, labari ya gama gari. Na tarar an share ƙofar gidan kawu, an yanka min zakara, an ba ni ɗakin da aka yi wa sabon daɓe.

Washegari da na ɗora kyamara a kafaɗa, takardar da na zana ta fita daga kaina. Komai na gani sai ya yi min kyau. Na ɗauki kwalekwale, na ɗauki shanun da ke tsallaka mashigi, na ɗauki tsuntsaye. A rana ta biyu na sa kawu ya hau gora. Yana tafe yadda ya saba, sai na ga fuskarsa ba ta fito ba, na ɗaga murya na ce ya ɗago ya dube ni, ya kuma ɗaga homar da hannu biyu. Ya yi yadda na ce. Gorar ta suɓuce daga ƙarƙashinsa, ya kife cikin ruwa, ya taso yana tari, hularsa na yawo a gefe. Na ɗauke shi duka. Kafin azahar ɗin ranar naɗi na uku ya ƙare.

Da a nan na ce aiki ya ƙare na yi sallama, da ba abin da zai biyo baya. Amma da yamma kawu ya gaya min cewa ya je wurin sarkin ruwa, dattijon da ke da ikon buɗe tafkuna, ya roƙe shi a buɗe babban tafki a yi su, wato kamun kifin gayya, saboda ni, ko da yake lokacin buɗewar da saura. Sarkin ruwa ya yi ta ja, a ƙarshe ya yarda, an sa rana nan da kwana uku, har an aika ƙauyukan kusa. Yana faɗa yana murmushi. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ji kaina ina godiya.

Kyamarar nan ko da fim ko babu, in ka murɗa ta ka danna, ƙararta ɗaya ce. Kwana biyar na yi ina danna ta babu komai a ciki. Ranar su mutane suka cika bakin tafki, aka faɗa ruwa gaba ɗaya, ni kuwa ina gudu daga nan zuwa can, ina durƙusawa, ina ba da umarni. Kifin da aka kama yawancinsa bai gama girma ba, na ji wasu suna faɗa ƙasa-ƙasa. Washegari matar kawu, wadda muke kira Inna, ta ɗauko zanen da ba ta ɗaurawa sai da salla, ta sa kwalli, ta zauna gaban bandarta ta miƙe wuya. Ta ce in jira ta gyara ɗankwali. Na jira. Na danna mata kyamara har murɗin da na yi wa kyamarar ya ƙare, ta tambaye ni ko ta yi kyau, na ce ƙwarai.

A Kaduna aka wanke fim ɗin, muka shiga ɗakin yanka. Ɗaki ne ƙarami mai warin gam, da igiya da muke rataye guntaye a jikinta kamar shanya. Ana duba fim a ɗan gilashi, a yanke da reza, a kankare bakin, a shafa gam a manne. Cikin hotuna goma sha biyun da na tsara, huɗu kaɗai na samu. Na yi kwana biyu ina jujjuya kwalekwale da shanu, abin ya ƙi tashi. Sai wani abokin karatuna ya leƙa gilashin daidai inda kawu ya kife, ya tuntsire da dariya, ya kira sauran. Da na ga yadda suka taru, na san na sami abin da zai fisshe ni. Na fara tallan da ruwa kwance, na bi da tafiyar kawu kan gora, na datse daidai inda za a gane ni nake masa magana, na bar faɗuwar da hular da ke yawo. A ƙarshe na sa rubutu cewa fim ɗin yana nan tafe.

Malam ya kalla sau biyu. Ya ce yankan ya yi kyau, sannan ya tambaye ni wane ne mutumin. Na ce wani masunci ne. Ya tambaya ko mutumin zai ji daɗi in ya ga kansa haka, na ce mutanenmu suna son raha. Ya dube ni ɗan lokaci, ya rubuta maki, ya miƙo min naɗin.

Na so abin ya tsaya nan. Amma duk ranar kasuwa sai kawu ya biya wurin mahaifiyata a Haɗeja ya tambayi fim, ita kuma da na dawo ta tsare ni, ta ce ba zan sa ɗan'uwanta ya zama maƙaryaci a garinsu ba. Na roƙi mai majigin da ke Haɗeja, ya yarda zai nuna mana a wani ajin firamare ranar kasuwa bayan la'asar. Muka toshe tagogi da tabarmi. Mutanen ƙauye suka zo da yawa, waɗansu da kwandunansu na kasuwa, aji ya cika har ƙofa. Aka ba sarkin ruwa kujerar malami. Inna ta zauna gaba cikin mata.

Da ruwan tafkinsu ya bayyana a bango aka yi ta salati. Da kawu ya kife aka yi dariya sosai, har da shi. Sai rubutu ya fito, bango ya yi fari, wutsiyar fim tana ta kaɗawa a jikin injin. Ba wanda ya motsa. Suna zaune suna jiran a ci gaba. Mai majigi ya dube ni, na sunkuyar da kai. Wani ya ce a sake, aka sake, wannan karon dariyar ba ta kai ta farko ba. Inna ta waiwayo tana nemana cikin duhu, ta tambaya ina wurin da take. Wani daga baya ya tambaya ina hotunan ranar da aka yi su.

Kawu ne ya miƙe. Ya ce wannan ɗanɗano ne, kamar yadda mai atamfa yake buɗe bakin turmi ya nuna, sauran yana can Kaduna ana aikinsa. Mutane suka ce to, Allah ya kawo shi lafiya, suka fara ɗaukar kwandunansu. Har waɗansu suka zo suka yi min sannu da ƙoƙari.

Na raka shi bakin kogi inda ya ɗaure kwalekwale. Da muka yi nisa sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kwana biyun farko na ga kana sa hannu cikin baƙar jaka kana canja wani abu. Daga nan ban ƙara ganin ka buɗe ta ba."

Na ce, "Kawu, fim ɗin ya ƙare tun ranar da ka faɗa ruwa."

"Na yi zaton haka."

Na tambaye shi me ya sa bai tsayar da ni ba. Ya ce ya riga ya je gaban sarkin ruwa ya yi rantsuwa a kaina, ya riga ya aika ƙauyuka, shi ma nauyin komawa ya ji. Ya ce faɗuwar ba ta dame shi ba, ba mai hawan gora da bai taɓa shan ruwa ba, ko da yake da na nuna yadda aka yi da ya fi. Abin da ke cinsa shi ne tafkin. Gidaje da yawa da kifin nan suke kaiwa damina, an kwashe shi yana ƙanana. Ya kwance igiya, ya shiga, sannan ya ce shi ya tare min yau, amma sarkin ruwa ni zan je in gaya masa da bakina.

Sai da na yi wata huɗu ina ɗagawa. Sakamako ya fito na ci da kyau, aka ba ni aiki, na yi ta fakewa da aikin. Da ruwa ya fara sauka na je. Na sami dattijon a zaurensa yana ɗinkin raga, na gaishe shi, na zauna ƙasa na faɗa masa komai, tun daga wasiƙar. Bai daina ɗinkin ba har na gama. Ya tambaye ni ko a makarantar aka koya mana haka, na ce a'a, malaminmu ma ya gargaɗe mu. Ya ce shi tun da ya gaji mahaifinsa bai taɓa buɗe tafkin nan kafin lokacinsa ba sai a kaina. Ya ce Allah ya kyauta, ya tambayi lafiyar mahaifiyata, ya ci gaba da aikinsa. Na ƙara zama kaɗan, na ga ba sauran magana, na tashi.

Ban san ko ya gaya wa mutanen gari ba, amma daga lokacin maza suka daina tambayata. Inna ce kaɗai ta ci gaba. Duk zuwan da na yi sai ta ɗaure min bandar tarwaɗa a takarda, ta tambaya ko an gama aikin, ni kuma in ce da saura. Na iya zuwa gaban sarkin ruwa, amma ita na kasa, kawu ma bai gaya mata ba. Ta rasu shekaru kaɗan bayan haka, ina Kaduna, sai bayan kwana uku saƙon ya same ni.